Wa ke da ɗa a makarantar da ya yi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni, kuma don Allah kowa ya faɗi tsakaninsa da Allah. Mu da muka yi firamaren gwamnati, a cikinmu wa ke da ɗa ko jika a makarantar da shi ya yi? Ni dai ko ɗaya. Duk zangon karatu sai na yi ta haɗa kai da gwiwa kan kuɗin makaranta, ga na littafi, ga na mota, alhali ni da aka sa a aji ɗaya a 1976, shekarar da aka fara UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ko kwabo mahaifina bai biya ba, har littafin rubutu da fensir ba mu ake yi.

Ranar ɗaukar yara ba a tambayi kowa takardar haihuwa ba, wa ma yake da ita? Hedimasta ya jera mu a gindin darbejiya, ya ce kowa ya ɗora hannun dama ta bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In hannunka ya kai ka isa shiga, in bai kai ba sai baɗi. Wani abokina gajere, ya ma girme ni, hannu ya ƙi kaiwa, yana ta karkata wuya yana hawaye, sai da yayarsa ta yi ta magiya aka rubuta shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai bencinmu ne. Mu huɗu ne a kai: ni ɗan marini, ɗan wani alƙali, ɗan mahauci, sai wani yaro daga Ayagi wanda kakanninsa Yarabawa ne. Dorinar da ke sauka a bayan ɗan mahauci ita ke sauka a bayan ɗan alƙali, in an tashi tara gurasa ɗaya muke yagawa mu huɗu. Har yau in na shiga Kurmi ko asibiti ko sakatariya sai na sami mai cewa "kai, ɗan ajinmu!" ya tashi ya ba ni kujera. Yaranmu fa? Ɗan alƙalin yau a ina zai haɗu da ɗan mahauci?

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Baba ku har benci kuka samu, lallai kun ci zamani. Mu da muka shiga a 1991 a ƙasa muka zauna har aji huɗu. Kowa ya taho da buhun siminti ko kwalin da ya tsinta a hanya, a shimfiɗa, a ɗora littafi a cinya. Mun haura ɗari a ajin, na baya ko allo ba ya hangowa, sai dai ya ji ana "biyu sau biyu huɗu" ya amsa da ƙarfi don kada monita ya rubuta sunansa. Tagogi babu murfi, da hunturu ƙura ta shigo ta nan ta fita ta can. Ga yajin aikin malamai, a tafi a bar mu mu yi ta iyo a kududdufi har ido ya yi ja. Ban musa daɗin yarinta ba fa, na ji shi ƙwarai, sai dai ba a cikin aji ba.

Maman Walid:
Kai Baban Ummi, da ka ambaci tara sai da na ji ƙamshin ƙuli a hancina. Mu a Zariya ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne rataye a reshen mangwaro, akwai yaron da aikinsa ke nan, ya doke shi da guntun ƙarfe. Kafin ƙarar ta lafa mun isa bakin ƙofa wajen masu talla. Da sisi sai mutum ya ci rogo da ƙuli ko ɗanwake, har ya rage na tsami-gaye ko hanjin ligidi. Ranar da aka ba yarinya sule kuwa ita ce hajiyar aji, har rakiya ƙawaye ke yi mata. Daga nan a zube a baranda ana carafke, kowace da duwatsunta masu santsi da take ɓoyewa a jaka, wasu na 'yar gala-gala, maza na can fili suna langa suna yaga wando. Akwai ƙawata da ke da bishiyar goruba a gidansu, ita ke kawo mana, mu kuma mu ba ta amsar lissafi. Ciniki ne, kowa ya yarda.

Amsar tambayarka kuwa, nawa ma duk makarantar kuɗi suke. Ba zan yi ƙarya ba.

Basakkwace:
Ku mutanen birni ku ad da daɗi. Mu ƙauye, ranar da anka zo ɗibar yara boko kuka aka yi gida-gida. Hakimi shi aiko ma maigari a ba da yara kaza, maigari shi bi unguwa da dogari. Masu hali su ba da akuya ko damen gero a bar nasu, sai a tura maraya da ɗan wanda bai da mai tsaya mai. Ni kakata rumbu tas saka ni tar ruhe, ina ciki ina tsakurar gero, sai da ƙanen babana yaz zo yah hiddo ni da kunne. Yanzu in ka tai garin namu, waɗanda anka tura don ba su da gata su na manyan gari, ɗiyan masu akuya na biyar su da takardar neman aiki. Allah ke nan.

Kuma a tuna da gonar makaranta. Rabin karatun damina can munka yi shi, da hauya da kalme. Gyaɗar kuwa har yau ban san wanda yac ci ta ba.

Hajiya 'Yar Daura:
Ina karanta ku ina murmushi, amma Baban Ummi bencin da kake yabo na maza ne. Ka tambaye mu namu. Mun shiga aji ɗaya mu mata layi biyu cur, kafin aji biyar layi ɗaya ma bai cika ba. Yau a ce wance an sa ranarta, gobe a ce wance uwarta ta ce ba ta da mai ɗaukar mata talla, kayan ɗaki ba sa sayen kansu.

Akwai wadda muke zama tare, duk ajin har mazan babu mai kama ƙafarta a lissafi. Malam in ya gaji da mu ita yake miƙa wa alli ya koma ya zauna. Muna aji biyar aka yi mata aure. Ranar kamu daga makaranta muka zarce gidansu da yunifom ɗinmu, ga lalle a hannunta an ɗaure da ganye, ta jawo ni ƙuryar ɗaki tana tambayata inda aka tsaya a lissafi, wai in karanta mata abin da ke littafina tunda ba ta iya riƙewa. Yanzu tana nan da jikoki, ita ke riƙe da adashin unguwarsu kaf a ka, ba ta rubuta komai kuma ba a taɓa yin rigima ba. Duk sanda na gan ta sai na ce da an bar ta, da Allah kaɗai ya san inda za ta kai.

Ni ma ba dabarata ce ta fisshe ni ba. Yayana ne da ke kwalejin horon malamai ya tsaya kai da fata, har suka daɗe ba sa ga maciji da baffanmu. Don haka in ana cewa "da can", a riƙa faɗin da can na wa.

Baban Ummi:
Ban ƙi taki ba Hajiya, a gidanmu ma yayyena mata biyu ba su gama ba. Amma wannan daga gida ne, ba makarantar ce ta kore su ba. Ni ina maganar abin da makarantar ta ba wanda ya zauna. Muna aji uku muna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo wa tsofaffi a ƙofar gida, ana aiko mu rubuta wasiƙa. Yau ka ba ɗan aji shida takarda ka gani.

Malam Mai Ritaya:
Assalamu alaikum. Ni na riƙe alli a wancan lokacin, bari in sa baki, don akwai abin da yaro ba ya gani daga kan benci.

Gowon ne ya yi shelar shirin UPE a 1974, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Wannan kama kunnen da Baban Ummi ya faɗa yana cikin dalilan: babu rajistar haihuwa, sai ɗan shekara biyar da ɗan shekara tara duk suka kwararo tare. Azuzuwa ba su isa ba, aka koma gindin bishiya da zauruka, wasu wuraren aka raba 'yan safe da 'yan rana. Malamai ma haka. Aka shiga yaye su cikin gaggawa, har wanda ya gama aji bakwai bai daɗe ba aka miƙa masa alli. Shi ya sa a shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, don horar da waɗanda ke bakin aiki ba su da shaidar malanta mai daraja ta biyu. Ku da kuka faɗa hannun tsofaffin malamai na zamanin En'e (hukumar gargajiya) a cikin birni kun dace. Ba kowa ne ya dace ba.

Kuɗin mai ne ya ɗauki nauyin abin gaba ɗaya. Da farashin mai ya faɗi, Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, mu muka fara ji a jikinmu, sai a yi watanni babu albashi. A 1983 aka kori baƙi marasa takardu, malaman Gana da ke koyar da Turanci da lissafi a makarantu da yawa suka tattara suka tafi. SAP, shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, ta zo a 1986 ta cinye sauran darajar albashin. Malamin da a da ake ba shi bashin babur, yana shiga gari ana ranka ya daɗe, iyaye na son ba shi 'ya, ya koma mai kanti na ɓoye littafin bashi in ya hango shi. An kafa hukumar kula da firamare ta ƙasa a 1988, albashi ya ɗan daidaita, a 1991 aka rushe ta aka mayar da mu hannun ƙananan hukumomi. Ɗan Gwammaja, shekarar da ka shiga ke nan. Ba mu muka ƙi ku ba, yaro.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya gafarta Malam, yau na fahimci abin da ban fahimta ba ina yaro. Amma tunda Allah ya kawo ku, akwai ƙara. Dukan fa? Akwai wani malaminmu, tsumagiyarsa a randa take kwana don kada ta karye. Latti bulala, rashin aski bulala, farce bulala, ka kasa lissafi bulala, ka ci kai kaɗai a ba ka ka zane sauran, in ka yi musu a hankali a karɓa a nuna maka yadda ake yi a jikinka. Ban da tsallen kwaɗo da kamun kunne. Abokina na ƙut da ƙut saboda wannan mutumin ya daina zuwa. Kullum da safe ya sa yunifom ya fita, ya wuce tashar mota yana dako, sai an tashi ya biyo mu gida. Aka shekara iyayensa ba su sani ba.

Malam Mai Ritaya:
Irin wannan ba horo ba ne, mugunta ce, kuma a cikinmu akwai masu ita, ba zan kare su ba. Sai dai ka sa a lissafi cewa uba da kansa yake kawo ɗa ya ce Malam a daka mini shi, in ya je gida da shatin bulala a ƙara masa wata. Ka kuma tsaya gaban yara ɗari kai kaɗai, babu littafi, cikinka babu komai, ka ga abin da hannu zai fara nema. Ni dai a ƙarshen aikina na lura ajin da na fi dukan bai fi wanda na rage ba a jarrabawar shiga sakandare.

Basakkwace:
Ni hwa ina ganin bulalar nan ta yi muna rana. Yaran yanzu malami na magana suna kallon cikin idonai.

Hajiya 'Yar Daura:
Ta yi wa waɗanda suka jure rana, su ne ke nan suna rubutu a waya. Wanda ya gudu tasha ba ya cikin zauren nan balle ya faɗi tasa.

Badamagare:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Ni zamanin shugaba Kunce na shiga lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram ta Nijar. Shekara shida ce, daga CI har CM2, da Faransanci zalla. Yaro ya tashi da Hausa a gida, ranar farko mushe, wato malami, ya buɗe baki ba ka tsintar ko kalma guda, sai dai ka ga ana ɗaga ɗan allo kai ma ka ɗaga naka.

Ku kuna zancen bulala, mu muna da sambol. Wani ƙashin dabba ne aka ɗaura wa igiya. Wanda aka ji ya yi Hausa a harabar lakwal sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta laɓe-laɓe yana sauraron abokansa har ya kama wani ya sauke masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan hukunci. To ku duba: wanda kuke cin ƙosai tare da safe shi ne ke farautarka da rana. Akwai wanda ya taka mini yatsa da gangan, na ce "wayyo ƙafata", ya rataya mini yana dariya. Har yanzu muna tare, shi ya yi mini babban aboki ranar aurena, amma ban bar tuna masa ba.

Tun 1973 aka buɗe ajin gwaji na koyarwa da Hausa a nan Damagaram, sai dai yara ƙalilan ne suka samu shiga, mu muna can da ƙashinmu. Zancen benci ɗaya kuwa mu ma haka ne, ɗan komanda da ɗan mai tallan ruwa wuri guda. Yanzu a Yamai da Maraɗi duk mai ɗan hali lakwal ta kuɗi yake kai nasa.

Maman Walid:
Mu ma akwai ta, ba ƙashi dai. Monita ne ke rubuta sunayen masu banakula, wato masu yin Hausa, kowa kwabo ɗaya ko bulala. Sai aji ya yi tsit, baƙo ya shigo ya ce kai yaran nan akwai ladabi. Ina ladabi, Turancin ne babu!

Baban Ummi:
Hahaha wallahi haka ne. Ga kuma taken ƙasa. Mun sha wahala mun haddace na farko a asambili, ba mu san ma'anar ko layi ɗaya ba, muna aji uku a 1978 aka ce an sauya, a koma sabo. A 2024 kuma aka dawo da tsohon, jikata na rerawa tana mamakin yadda na iya.

Kuma kada a manta boko rabin karatunmu ne. Da asuba allo, a dawo a sha koko a ruga boko, bayan azahar a koma allo har yamma. Asabar da Lahadi babu boko amma akwai allo, Alhamis da Juma'a babu allo amma akwai boko, wato babu ranar da yaro yake nasa shi kaɗai. Ranar Laraba a ba ka kuɗin laraba ka kai wa Malam, shaiɗan na raɗa maka gullisuwa a hanya. In ka iya allonka ka je ka wanke, ka shanya a rana, gardi ya rubuta maka sabo. Can ma cakuɗe muke, har da almajiran da ke zuwa gidanmu karɓar tuwon dare. Ɗaya daga cikinsu innarmu ta riƙe shi tamkar ɗanta, yau babban ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, duk Sallah sai ya aiko mata da turmi har ta rasu.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya jiƙan Inna. Ni in za a dawo mini da abu ɗaya, tashe nake so. Goma ga azumi an fara, a manna gemun auduga da ƙaro, a cusa tsumma a ciki a yi tumbi, a sami tsohuwar babbar riga da sanda, a bi gida-gida ana tsoho da gemu. Matan gida na dariya a ba mu hatsi ko 'yan kwabbai. Rigimar tana wajen rabo: mai riƙe da gwangwani kullum sai an caje aljihunsa. Ga Nalako na yawo yana kama gwagware, manya ma suna ɓuya. Motocinmu kuwa da kara da langa-langa muke ƙerawa, tayar silifas, har da sitiyari mai tsawo. Ɗana yanzu in wayata ba ta da caji zama yake ya yi tagumi.

Auta:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri da ƙaramin bakina. Ni a 2001 aka haife ni, makarantar kuɗi na yi tun daga nazare. Ban taɓa langa ba, ban taɓa tashe ba, daga mota sai aji, daga aji sai gida a kulle get. Abokaina duk 'ya'yan ma'aikata ne irin babana, sunan yaran da ke bayan katangarmu ma ban sani ba. Ina karanta ku ina jin kishi wallahi.

Amma tambayar Baba tana da amsa, kuma amsar tana cikin zauren nan. Ku aka koyar kyauta, ku kuka zama daraktoci da likitoci da 'yan majalisa. Da ajin ya fara yoyo sai kowa ya zare ɗansa shiru ya tafi. Da ɗan alƙali yana ciki, ranar da iska ta yaye kwano alƙali zai ɗaga waya, kafin sati an zo an buga. Yanzu wa ya rage? 'Ya'yan waɗanda in sun je ofis masinja ma ba zai bar su su ga mai gida ba. Malam ya ce gwamnati ce ta kashe albashi, na yarda. To su wa ke cikin gwamnatin? Ba 'yan bencin nan ba ne?

Basakkwace:
Kai, yaron ga ya taɓo wurin.

Baban Ummi:
Auta bakinka bai yi ƙarami ba, amma ka bari ka haihu tukuna. Babbar 'yata a firamaren unguwa na fara sa ta, da gangan, don irin wannan ra'ayin naka. Ta kai aji uku ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Na je na tarar da aji biyu a haɗe, malama ɗaya, ita ma tana gefe tana lissafin kayan da take sayarwa, kuma ban ga laifinta sosai ba da na ji albashinta. To in zauna ina gwaji da rayuwar 'yata don a ce ina kishin talaka? Kowa ya san in muka koma gaba ɗaya za ta gyaru. Wa zai fara kai nasa? Sannan ba dukanmu ne muka zama daraktoci ba, ni har na yi ritaya ban taɓa sa hannu a kasafin kuɗi ba.

Auta:
Ban ce ku mayar da su gobe ba Baba. Cewa na yi da kuka cire 'ya'yanku sai kuka cire ƙafarku ma. Yaushe rabonku da shiga makarantar?

Hajiya 'Yar Daura:
Yaron nan ya fi ku gaskiya, Baban Ummi, ka amsa masa. Kuma ku daina ɗaukar makarantar kuɗi kamar duk ɗaya ce. Akwai ta masu hali, akwai kuma wadda aka yanka gidan haya aka yi azuzuwa, babu filin wasa, malama na karɓar abin da bai kai kuɗin cefanen sati biyu ba. Talaka na matse bakinsa yana biya don dai a ce ɗansa na firamare mai yunifom mai kyau.

Wani abin da ba ku faɗa ba: ku leƙa firamaren gwamnati yau ku ga 'yan mata. Cike suke da hijabansu, wani ajin har sun fi mazan yawa. Abin da muka rasa a zamaninmu ke nan, iyaye sun yarda sun kawo su. Sai ga shi sun zo sun tarar babu banɗaki, babu ruwa. Yarinya ta fara girma, ina za ta zaga? Sai ta fara fashin kwanaki duk wata, daga nan ta zauna gaba ɗaya, a ce ai iyayenta ne ba sa son boko.

Maman Walid:
Wannan haka yake Hajiya. Mai taya ni aiki 'yarta haka ta bari a aji shida.

Malam Mai Ritaya:
Kuɗin ma ba wai babu ba ne. Obasanjo ya dawo ya ƙaddamar da UBE, shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko, a Sakkwato a 1999, aka yi dokarta a 2004, aka ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi na Abuja, kuma sau da yawa jihohi kan bar kuɗin a can ba su ɗauka ba don ba su kawo nasu ba. Wanda aka karɓa kuma an fi son a yi gini da shi, don gini ake gani a hoto, kwangila kuma a cikinsa take. Ba a ɗaukar hoton malamin da ya iya koyar da karatu.

Tsofaffin ɗalibai ma ina ganinku. A zo da manyan motoci, a shafa wa get fenti, a raba littafi mai hoton shugaban ƙungiya, a ci shinkafa a watse sai baɗi. Kowace makaranta tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, kujerun na nan, sau da yawa babu mai zama a kai sai wanda ba ya iya tambayar hedimasta komai. Mutum ɗaya mai ido da zai riƙa faɗowa ba sanarwa ya fi fentin nan amfani.

Badamagare:
Malam wannan zancen fenti har nan ya iso, kamar da mu kuke.

Ɗan Gwammaja:
To a daina dogon Turanci. Litinin mai zuwa kowa ya leƙa tasa ya zo ya faɗa mana abin da ya gani. Ni zan je, in na tarar har yanzu a ƙasa ake zaune zan turo hoto, ban da fuskar yara. Wa ke ciki?

Hajiya 'Yar Daura:
Ina ciki. Banɗakin mata zan fara dubawa, da inda suke samun ruwa.

Basakkwace:
Tawa ta yi nisa, sai na tai gida da Sallah. Amma zan tambayi gonar nan ko tana nan ko an yanka ta filaye.

Baban Ummi:
Auta, rabona da ita tun ranar da na je cire Ummi, ga amsarka. Litinin in na sauke jikoki zan biya. Malam, ofis zan fara shiga ko aji zan wuce kai tsaye?

Malam Mai Ritaya:
Ofis tukuna, ka gaisa da hedimasta ka faɗi shekarar da ka gama, kada a ɗauke ka mai bincike daga sakatariya kowa ya shiga taitayinsa. Ka je kafin ƙarfe takwas. Ka riƙe kwalin alli ko biyu a hannu, ba a rasa buƙatarsa. In an sake da kai ka roƙi a kai ka aji uku, ka rubuta jimla ɗaya ta Hausa a allo, ka kira na layin baya su karanta, ba na gaba ba.